Kwamfutar da ke Nauyi a Bakin Kainji: Yadda Ake Zaɓen Manhajar Kama Masu Aiki a Ɓoye

Tun 1968 da aka kammala madatsar Kainji, ruwan Kwara da ke wucewa ta gaban Yelwa yake gangarawa ya juya injunan da aka girka domin samar da megawat 760 na lantarki. Sai dai mai shagon buga takardu a Yelwa, da magatakarda a sakatariyar Ngaski da ke Wara, da malamin makaranta a Shanga, duk sun san maƙwabtaka da tafki ba ta sa wuta ta zauna. Wutar Kainji babban layin ƙasa take hawa, sannan rabon Kebbi ya dawo ta hannun kamfanin rarraba lantarki na Kaduna. Tsakanin ɗaukewa da kawowa, janareta da sola ne ke riƙe da aiki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, minti biyar da kwamfuta za ta ɓata kafin ta farka ya zama kuɗi da ake iya lissafawa. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari, data ma ta shiga lissafin.

Ƙorafin da masu gyara suka fi ji bai wuce jimla ɗaya ba: "Malam, ta yi nauyi." An kunna, allo ya buɗe, amma linzami sai juyi yake, fanka na kuka, ga ɗalibi tsaye yana jiran a buga masa takardar shiga jarrabawar JAMB. Maganin da aka saba shi ne a yi mata fomatin. Yana aiki, ba a musu. Amma yana cin yini guda, wani lokaci ya tafi da takardun mutane, kuma bayan wata biyu kwamfutar ta koma gidan jiya, domin manhajojin da suka jawo nauyin su aka sake lodawa.

Manhajojin da ake zargi iri biyu ne. Akwai waɗanda suka rubuta sunansu cikin jerin abubuwan da za su tashi tare da Windows. Akwai kuma waɗanda ke aiki ba tare da sun buɗe taga ba, suna neman sabuntawa a intanet, suna tura fayiloli, suna jiran a kira su. Dukkansu ma'ajiya ɗaya suke ci, wato RAM, kuma yawancin laftof ɗin da ke hannun mutane a wannan yanki gigabait 4 gare su, ga tsohon faifan ajiya mai juyawa. Kamar akushi ɗaya ne da baƙi goma suka kewaye kafin mai gida ya wanke hannu.

Maɓoyarsu kuwa ta fi ɗaya, kuma nan ne zancen zaɓen manhaja ya samo asali. Mafi sauƙin gani ita ce jakar Startup: a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta shell:startup, ta buɗe. Ta biyu tana cikin rajistar Windows, a ƙarƙashin wani reshe mai suna Run. Ta uku ita ce Services, inda manhaja kan tashi tun kafin mutum ya sa kalmar sirrinsa. Ta huɗu Task Scheduler, jadawalin da ke tayar da manhaja a kan lokaci, ko duk sa'ad da aka shiga kwamfutar. Manhajar bincike da ke leƙa wuri biyu kacal za ta ba da rahoton lafiya alhali ɓarnar tana cikin sauran biyun.

Ta ina suka shigo? Yawanci da su aka sayo kwamfutar. Laftof na hannu da ya bi ta Computer Village a Ikeja, ko ta kasuwannin Kano, kafin ya iso Yauri an riga an cika shi da kayan kyautatawa: Internet Download Manager, uTorrent, Adobe Reader, CorelDRAW, Smadav, burauza biyu ko uku. Mai sayarwa yana ganin alheri ya yi. Kowanne daga cikinsu kuwa ya zo da ɗan aikensa mai tashi da asuba. Sabuwar kwamfuta ma ba ta tsira ba. A Fabrairun 2015 aka gano cewa Lenovo ya sayar da wasu laftof ɗauke da Superfish, manhajar talla da ke kutsawa tsakanin mai kwamfuta da shafukan da ya buɗe, har da masu tsaro irin na banki.

Don haka kafin a ɗora kowace manhajar bincike, tambayar farko ita ce wa ya ƙera ta, kuma daga ina aka sauko da ita. Sai a duba ko tana faɗin cikakken adireshin kowane fayil da sunan kamfanin da ya sa masa hannu, domin suna kaɗai ba shaida ba ne. Sai kuma ko tana barin a kashe abu na ɗan lokaci a dawo da shi in an ga matsala. Akwai wata tambayar da mutane kan manta: ita kanta tana zama tana aiki bayan an rufe ta? Idan tana zama, an ƙara baƙo ne a akushin. A garin da netuwok ke zuwa yana tafiya, ƙaramar manhaja da ke aiki daga filash ba tare da intanet ba ta fi wadda sai ta yi rajista.

Wadda ta fi cancanta a fara da ita tana cikin kwamfutar tun asali. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya fito. A Windows 10, in ya fito a taƙaice, a danna More details, sannan a shiga Startup. A Windows 11 sunan shafin Startup apps. Tun Windows 8 na 2012 aka dawo da wannan jeri nan, tare da wani layi da ke auna nauyin kowace manhaja a lokacin tashi. Ma'aunin ba ƙiyasi ba ne. Wadda ta riƙe injin sarrafawa fiye da daƙiƙa ɗaya, ko ta karanta fiye da megabait 3 a faifai, ita ake rubuta wa High. Wadda ba ta kai kashi uku cikin goma na daƙiƙa ba, ba ta kuma kai kilobait 300 ba, Low. Sauran Medium.

Aikin a nan ba shi da wahala. A fara da masu High. Teams, Spotify, OneDrive ga wanda ba ya ajiya a intanet, uTorrent, masu neman sabuntawa na Adobe, duk ana iya danna musu Disable. Ba gogewa aka yi ba. Manhajar tana nan, za ta buɗe ranar da aka neme ta, tashin asuba kawai aka hana ta. Idan suna ya zama baƙo, a danna shi da maɓallin dama na linzami a zaɓi Open file location. Akwai wata dabara da ba kowa ya sani ba: danna dama a kan layin kanun shafin yana ba da damar ƙara Command line, wanda ke fallasa ainihin umarnin da ke tayar da kowane abu. Wani lokaci sunan da ke sama mai kyau ne, umarnin kuwa yana nuni zuwa wani lungu a cikin jakar Temp.

Bayan kowane gyara Restart za a danna, ba Shut down ba. Daga Windows 8 zuwa yau akwai tsarin saurin tashi da ke sa Shut down ya adana wani ɓangare na tsohon zama ya dawo da shi gobe. Shi ya sa mutum zai rantse kullum yana kashe kwamfutarsa, a duba shafin Performance a ga ta yi mako biyu ba ta huta ba.

Ga mai jona laftof da datar wayarsa, akwai wurin da ya fi Startup muhimmanci. A cikin Settings, ƙarƙashin Network & Internet, akwai Data usage, mai nuna abin da kowace manhaja ta sha cikin kwana 30 da suka wuce. Da yawa nan suke gane cewa ba su suka cinye datar ba, sabuntawar Windows ce da OneDrive. A shiga bayanan layin Wi-Fi na wayar, a kunna Metered connection. Daga nan Windows zai dakatar da yawancin manyan saukarwa, OneDrive kuma ya tsayar da tura fayiloli. Burauza ma suna da nasu: Chrome na da maɓallin da ke barinsa ya ci gaba da aiki bayan an rufe shi, Edge na da Startup boost. Duka biyun a shafin System na saitinsu ake kashe su.

Masu Windows 7, wanda Microsoft ya daina kula da shi tun 14 ga Janairun 2020 amma har yanzu ake gani a wasu ofisoshi da shaguna, ba su da shafin Startup a Task Manager. Nasu msconfig ne. A shafinsa na Services, kada a taɓa komai sai an fara sa alama a Hide all Microsoft services.

Iyakar Task Manager ke nan: jakar Startup da reshen Run yake nunawa a jerinsa, ba ya kawo abin da aka dasa a jadawali. Wanda ya kashe duk abin da ya gani amma nauyi bai tafi ba, lokacin Autoruns ya yi.

Autoruns ɗaya ce daga kayan aikin Sysinternals, wanda Mark Russinovich da Bryce Cogswell suka kafa a 1996, Microsoft ya saye shi a 2006. Russinovich ɗin nan shi ne ya tona a ƙarshen Oktoban 2005 cewa wasu fayafayan waƙa na Sony BMG suna dasa ɓoyayyar manhaja a kwamfutar duk wanda ya saka su. Kyauta ake ba da Autoruns a shafin Microsoft na Sysinternals, 'yan megabait ne kawai, ba a girka ta, ba ta zama bayan an rufe. Mai gyara zai iya sauko da ita sau ɗaya a Yelwa inda netuwok ya fi ƙarfi, ya zuba a filash, ya yi aiki da ita a Wara ko Libata ba tare da ya sake taɓa data ba. Daga shafin Microsoft kaɗai ya kamata a ɗauko ta, ba daga shafukan da ke tara manhajoji kyauta ba.

A buɗe Autoruns64.exe da danna dama, a zaɓi Run as administrator. Ganin farko yana firgitarwa, domin layuka ɗaruruwa ne ke zubowa. Kafin a taɓa ko ɗaya, a shiga File a danna Save, a adana hoton yadda aka sami kwamfutar. Wannan ɗan fayil yana da rana: bayan wata guda, in nauyi ya dawo, File da Compare za su ware sababbin shigowa kaɗai. Sannan a shiga Options a sa alama a Hide Microsoft Entries. Jerin zai ragu sosai, ya bar abin da wasu suka ƙara. A ƙarƙashin Scan Options a kunna Verify code signatures, domin a tantance sa hannun kowane kamfani.

Launuka suna taimakawa. Layi mai ruwan ɗorawa yana nufin an rubuta sunan fayil amma fayil ɗin ba ya nan, galibi ragowar manhajar da aka cire. Mai ruwan hoda yana nufin babu sa hannun da aka tabbatar. Wannan ba hukunci ba ne, domin ƙananan manhajoji na ƙwarai da yawa ba su da sa hannu, amma dalili ne na tsayawa a duba adireshi. Abin da ke zaune a Program Files da sunan sanannen kamfani ya fi kwantar da hankali. Abin da ke zaune a AppData ko Temp, da sunan haruffa barkatai, babu kamfani, babu bayani, shi ne abin tuhuma. Shafuka uku suka fi cancantar lokacin mutum: Logon, Scheduled Tasks da Services. Shafin Drivers kuwa a kalla da ido kawai, domin cire abin da ke kula da faifai na iya hana Windows tashi gaba ɗaya.

In akwai data, a kunna Check VirusTotal.com. Wannan shafi, da Google ya saya a 2012, yana gwada fayil da injunan riga-kafi kusan 70. Autoruns ba ta tura fayil ɗin kansa sai an ba ta izini, ɗan gajeren zanen yatsansa take aikawa, saboda haka datar ba ta da yawa. Sakamako kan fito da lamba biyu. Ɗaya ko biyu cikin saba'in sau da yawa kuskuren inji ne. Ashirin ko talatin kuwa magana ta ƙare.

Ƙa'idar aiki da Autoruns ita ce a cire alamar da ke gefen layi, kada a danna Delete. Cire alama kashewa ce da ake iya warwarewa, gogewa kuwa babu dawowa. A kashe uku ko huɗu, a yi Restart, a gwada sauti, da firinta, da Wi-Fi, sannan a ci gaba.

Inda wannan manhaja ta fi nuna amfaninta a shagunan yankin shi ne wajen bairas ɗin filash, wanda kowa ya sani: an kawo filash a buga takarda, an buɗe, fayiloli duk sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya. Yawancin irinsa ɗan rubutu ne mai ƙarewa da .vbs, wanda wscript.exe na Windows ke gudanarwa. Sananne a cikinsu shi ne Houdini, wanda kamfanin FireEye ya bayyana a 2013. Yakan kwafi kansa zuwa AppData ko Temp, ya rubuta sunansa a Run da jakar Startup, ya riƙa sake rubutawa kowane 'yan daƙiƙu. Shi ya sa wanda ya cire alamarsa ya sabunta jeri zai ga ya dawo. Sai an bi tsari: a fara kashe wscript.exe a Task Manager, sannan a cire alamar a Autoruns, a bi Jump to Image zuwa inda fayil ɗin yake a goge shi, a yi cikakken bincike da Windows Security. Fayilolin filash ɗin ba su ɓace ba, ɓoye su aka yi. A buɗe Command Prompt a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in harafin filash ɗin E ne, su bayyana, a goge gajerun hanyoyin ba tare da an buɗe ko ɗaya ba.

'Yar uwar Autoruns, Process Explorer, tana nuna abin da ke aiki yanzu a tsarin uwa da 'ya'ya, a ga wace manhaja ce ta tayar da wace. Tana da amfani wajen masu sojan gona. Ainihin svchost.exe a C:\Windows\System32 yake zaune, kuma ganin goma ko hamsin ɗinsa ba laifi ba ne. Wanda aka samu da wannan suna a wani wuri dabam, ban da jakar SysWOW64 ta Windows, abin tuhuma ne.

Sauran su ne manhajojin da ke alkawarin ƙara gudu da dannawa ɗaya. Mafi shahara CCleaner, kuma tana da shafin Startup mai sauƙin fahimta. Tarihinta dai ya isa darasi. A 2017, jim kaɗan bayan Avast ya sayi kamfanin Piriform mai ƙera ta, 'yan kutse suka cusa muguwar manhaja cikin fitowa ta 5.33, aka rarraba ta daga shafin kamfanin, da sahihin sa hannunsa, daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba. Kwamfutoci kimanin miliyan 2.27 suka ɗauka. An gyara tuni, amma abin ya nuna cewa sa hannu shaida ce ta asali, ba ta lafiya ba, kuma duk manhajar da aka ba cikakken iko ƙofa ce. Waɗanda ba a san masu su ba, da ke faɗowa cikin talla suna cewa sun gano kurakurai dubu, sun fi wannan muni: sukan zauna suna aiki, su nemi kuɗi kafin su gyara, su kuma share rajista, aikin da Microsoft da kansa ya ce ba ya goyon bayan a yi da irin waɗannan manhajoji. Mai son maɓalli ɗaya ya ɗauki PC Manager na Microsoft, kyauta ne, ko da yake kusan duk abin da yake yi akwai shi a Settings. Kwafin da aka fasa, kowace manhaja ce, bai dace da kwamfutar da ake shiga asusun banki da ita ba.

Batun riga-kafi ma yana cikin lissafin nauyi. Smadav, 'yar ƙasar Indunusiya, ta yi suna a Najeriya saboda filash, kuma an ƙera ta ne ta zauna a matsayin mataimakiya, don haka shagon da ke karɓar filash talatin a yini yana da hujjar barinta. Abin da ba shi da hujja shi ne manyan riga-kafi biyu a kwamfuta ɗaya, ko wanda wa'adin gwajinsa ya ƙare shekara biyu da suka wuce yana nan yana cin RAM. Irin wannan cire shi ake yi gaba ɗaya ta Settings, ba kashe shi a Startup ba. Da ya fita, Defender, riga-kafin da ke cikin Windows, zai karɓi aiki da kansa.

Akwai waɗanda ake bari ko da an rubuta musu High. Windows Security, da abin da ke ɗauke da sunan Realtek na sauti, Synaptics ko ELAN na wurin shafa yatsa, Intel ko AMD na hoto, da Print Spooler ga duk mai firinta. Shagon da ke yi wa masu bautar ƙasa rajistar NYSC ya kiyayi hidimar na'urar ɗaukar zanen yatsa ta DigitalPersona. Kashe ta ba ya nuna alama nan take, sai ranar da layi ya cika na'urar ta ƙi amsawa.

Wani nauyin kuma ba na manhaja ba ne, kuma Task Manager ɗin zai faɗa. In an rage jerin amma Disk na tsaye a 100% minti goma bayan tashi, tsohon faifan ne ya gaji, kuma sauya shi da SSD ya fi duk wata shara tasiri. In Memory na wuce 85% da burauza kaɗai a buɗe, RAM ke son ƙari zuwa gigabait 8. In kuwa kwamfutar tana tashi da sauri amma ta rage gudu bayan rabin awa, ƙasanta ya yi zafi, to ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin Maris da Afrilu a Yauri ya ƙarasa sauran, injin yana rage wa kansa gudu don kada ya ƙone. Wannan aikin sukurdireba da buroshi ne. Masu Windows 10 kuma su sani cewa tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na neman guntun tsaro na TPM 2.0 da yawancin tsofaffin laftof ba su da shi, don haka mai shirin sayen na hannu ya danna Windows da R, ya rubuta tpm.msc, ya ga amsa kafin ya biya.